Gargaɗi kan masu "wankin hanji" a Maraɗi

Jama'a, a yi hattara da masu tallar wankin hanji a WhatsApp da lasifikar bakin tasha. Sai su sa ka riƙe wani ƙarfe da ke haɗe da kwamfuta, minti biyu a ce dattin shekaru ya daskare a cikinka, shi ya kawo basir da ciwon baya da rashin ƙarfi. Ƙarfen nan ba ya ganin hanjin kowa. Daga nan sai a shayar da kai gari mai kumbura, wani lokaci haɗe da yumɓu, washegari a ɗura maka ruwa ta dubura. Abin da ya fito dogo kamar roba, aka ce ga dattin, garin jiya ne ya kama jiki. Ka biya jaka kaza don a nuna maka abin da ka sha.

Suna fakewa da ɗibbu, wato ilimin likitancin malaman da. Gaskiya ne malaman da, irin su Ibn Sina, sun yi aiki da huƙuna, wato ɗura ruwan magani ta dubura, bisa fahimtar cewa jini da majina da safra'u da sauda'u (ruwan matsarmama rawaya da baƙi) su ne ke riƙe da lafiya. Amma hanji ba kwata ba ne. Babban hanji kusan mita ɗaya da rabi ne, fatarsa ta ciki kuma tana sabunta kanta cikin ƴan kwanaki.

A asibiti ana ɗura ruwa, amma da dalili, kamar bayan gida da ya taurare ko shirin duba hanji. Na farmasi ƴar kwalba ce, wajen mililita 130 ga babba, baki mai laushi, a kwanta ɓangaren hagu, a yi sau ɗaya a jefar. Ko ita ba a ba mai ciwon ƙoda ko jariri.

Masu wankin hanji kuwa lita-lita suke ɗurawa da tiyo mai tauri. Sabulu, kanwa ko barkono suna ƙona fatar hanji. Tiyon na iya huda hanji, kashi ya zuba cikin ciki, sai tiyata. Ruwa zalla mai yawa yana tsinka gishirin jini, yaro ya kama jijjiga. Tiyo ɗaya ga mutum goma kuwa, ɗauraya ba ta kashe ƙwayoyin atini. A Kolorado ta Amurka, tsakanin 1978 da 1980, na'urar wankin hanji ɗaya ta harbi aƙalla mutum 36 da atini, shida suka rasu.

Wanda aka riga aka yi wa, in ya ga jini, zazzaɓi, ciki ya kumbura ya yi tauri, ko hankali ya fara gushewa, a kai shi asibiti nan take. Kada a ba shi abinci, kuma a faɗa wa ma'aikata abin da aka ɗura da yawansa, ban da kunya.