Yawon jirgin ruwa zuwa fankokin Rampion, ya ci kuɗinsa amma a shirya wa jiri

Jama'a duk wanda ke kusa da Brighton a Ingila kuma yana son harkar lantarki ya daure ya shiga jirgin nan da ke kai mutane cikin teku wajen fankokin Rampion, masu samar da wutar lantarki daga iska. Fanka 116 ne, kimanin kilomita 13 daga gaɓa, tun 2018 suke aiki, gaba ɗaya suna iya ba da megawat 400. Kowa hankalinsa na kan fankokin, hoto kawai ake ta ɗauka, amma ni gaskiya abin da ya fi burge ni wata ƙatuwar tasha ce da aka kafa kan ƙafafun ƙarfe a tsakiyar ruwa, kamar dai taransifomar unguwa amma uwarsu.

Mai yi mana bayani ya iya aikinsa ba laifi. Ya ce wutar kowace fanka tana bin kebul ta ƙarƙashin teku a ƙarfin 33kV (wato volt dubu 33) ta taru a wannan tashar, a nan ake ɗaga ta zuwa 150kV, don in aka turo ta a yadda take da yawa za ta salwanta a hanya, waya ta yi ta ɗumi a banza, daga nan sai manyan kebul da aka binne a ƙasan teku su fito da ita gaɓa kusa da Worthing, kuma wai ko a nan ba su kafa turaku ba, binne wayar suka yi wajen kilomita 27 ta ratsa tuddan South Downs har Twineham inda take shiga babban layin ƙasa na 400kV. Na tambaye shi to wanda ya fi wannan nisa fa? Ya ce irin su Dogger Bank, wani rukunin fankokin da ya wuce kilomita 130 cikin teku sai an juya wutar zuwa DC (wuta irin ta batir) tukuna, in ta iso tudu a sake mai da ita AC, irin wadda ake kawowa gidaje.

Inda zan rage musu maki, ƙarar inji tana danne muryarsa, wanda ke zaune a baya sai dai ya ga baki na motsi. Kuma igiyar ruwa ba ta wasa, wani bawan Allah kusa da ni bai ɗago kai daga leda ba har muka dawo. A sha maganin jiri tun kafin a hau, a sa rigar sanyi ko da ana rana, a nemi kujerar gaba. Na ba su huɗu cikin biyar.