Abin da allurar likita ta gano a kuturin dokina

Shekara biyu ina ɗaukar alhakin dokin nan. Aharas ne mai faɗin ƙirji, ga tsawon ƙafa, duk wanda ya gan shi a turke sai ya ce wannan na sukuwa ne. Amma da an sake su a tsere shi da sauran dawaki, kafin ya ɗau wuta sauran sun bar shi da ƙura. Abin da ya riƙa ɗaure min kai shi ne, in muka yi doguwar kilisa ta awa biyu ko uku, waɗanda suka tsere masa sai su dawo suna haki, kumfa har wuya, shi kuwa kamar yanzu aka ɗaura masa sirdi. Na sauya mahayi, na ƙara masa horo, har ragwanci na laƙaba masa. Da na kai kukana wurin likitan dabbobi, sai ya ce, "Malam, mu daina zato, mu leƙa cikin tsokar mu gani."

Aikin bai kai fargabar da na yi ba. An yi masa allurar kwantar da jiki, aka aske wuri kamar tafin hannu a saman kuturi, inda babbar tsokar da ke ingiza doki gaba take, wadda likitoci ke kira gluteus medius. Aka kashe zafin wurin, aka tsaga fata kaɗan, sannan likita ya zura wata allura mai kauri mai rami a ciki, irin wadda wani likitan Suwidin, Jonas Bergström, ya fito da ita a 1962. Ina riƙe da ragama, hannuna a wuyansa, ban ji ya zabura ba, kunne kawai ya karkaɗa. Naman da aka ciro bai kai rabin farcen ƙaramin yatsa ba, nan take aka daskarar da shi. Sau biyu ya ɗiba, ɗaya kusa da fata, ɗaya a zurfin santimita 6. Na tambayi dalili, ya ce tsokar ba iri ɗaya ba ce daga sama har ƙasa, iya zurfin da ka shiga iya yawan zaruruwan juriya da za ka tarar. Nan na san na faɗa hannun wanda ya san aikinsa.

Tsokar doki zare-zare ce, kuma zaren iri uku ne. Nau'i na I siriri ne, ƙananan hanyoyin jini sun kewaye shi, yana ƙona kitse da taimakon iskar oksijin. Ba ya sauri, amma ba ya gajiya da wuri, shi ke riƙe doki a tsaye da kuma doguwar tafiya. Nau'i na IIX shi ne mai kauri da ƙarfin fizga, yana cin sukarin da jiki ya adana a tsoka ba tare da jiran iska ba, shi ya sa sinadarin laktik ke taruwa, doki ya sare cikin ɗan lokaci. Nau'i na IIA ya ɗebo daga kowanne, yana da sauri, yana da numfashi. Dokin Amurka da ake kira Quarter Horse, wanda ya samo sunansa daga tseren kwatan mil, kimanin mita 400, IIX ya yi masa yawa. Dokin Larabawa kuwa, da ke iya cinye kilomita 160 a yini guda a gasar juriya, ya fi shi nau'i na I nesa ba kusa ba.

Da hoton ya iso na daɗe ina kallonsa. An rina naman, an ɗauke shi ta madubin likita, zaruruwan sun fito ƙwaya-ƙwaya, wasu baƙi wuluk, wasu toka-toka, wasu fari, a cakuɗe kamar zanen tabarma. Na aharas ɗina IIA ne suka mamaye, nau'i na I sun yi yawa a naman da aka ɗiba daga zurfi, IIX kuwa tsiraru ne. Ashe ba ragwanci ba ne, haka Allah ya halicce shi. Wallahi na ji kunyar bulalar da ya sha.

Inda aikin ya gaza, ɗakin gwajin ne. Mako biyar ina jira, kuma da takardar ta zo, lambobi ne jere babu ko layi ɗaya na bayani. Ba don likita ya zauna ya warware min ba, da sai dai in ninke in ajiye. Ba su kuma rubuta gargaɗin da ya fi komai muhimmanci ba, cewa ɗan tsagi ne aka ɗauka daga tsoka mai nauyin kilo da yawa, kuma sakamakon ba dauwamamme ba ne. Horo na watanni yana juya wani ɓangare na IIX ya koma IIA, doguwar hutu kuma ta mai da shi baya. Ko shekarun doki suna taɓa lissafin.

Akwai gwajin jini na ƙwayar halittar mayostatin (mai taƙaita girman tsoka), wanda ya fito daga binciken Emmeline Hill a Dublin a 2010, yana raba dawaki gida uku: C:C na gajeren zango, C:T na matsakaici, T:T na dogo. Babu tsaga a cikinsa, sai dai a kan dawakin tsere na Thoroughbred aka gina shi, kuma gado yake nunawa, ba halin da tsokar ke ciki a yau ba. Shi ya sa na zaɓi allura.

Wanda dokinsa ke yin abin da ake so, ban ga dalilin huda shi ba. Mai doki irin nawa, da ya rasa gane kansa, ya yi, amma ya tabbatar an rubuta zurfin da aka ɗiba da gefen da aka ɗiba, kuma ya sami mai yi masa bayani. Ni na cire aharas daga gajeren tsere, na mai da shi doguwar tafiya da hawan tudu a hankali. Gashi ya rufe wurin tsagar tuni. Mun yi da likita baɗi war haka zai sake ɗiba, gefe ɗaya, zurfi ɗaya.