Jaririn da ke riga ladan tashi: a jinkirta kwanciyarsa ko a gyara masa ɗaki?

A Jos, musamman a Disamba da Janairu da sanyin hunturu ke ratsa ƙashi, iyaye mata kan koka da jaririn da ke buɗe ido tun kafin kiran assalatu. Hanyoyi biyu aka fi bi.

Ta farko ita ce a hana shi barci har ƙarfe 10 na dare, da zaton zai rama da safe. Sau da yawa hakan ba ya haifar da ɗa mai ido, domin jaririn da gajiya ta yi wa yawa barcinsa ba ya nauyi, ga shi kuma ɗan wata 4 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 12 zuwa 16 a kullum, har da na rana.

Ta biyu tana neman haƙuri. A kwantar da shi a rigingine da an idar da sallar isha'i, a rataya labule mai kauri, a sa masa rigar sanyi da safa maimakon bargo mai nauyi da zai iya rufe masa hanci, kuma kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, domin iskarsa tana kisa. Idan ya farka, uwa ta taɓa ƙirjinsa ta ji ko sanyi ne, ta duba ko ya jiƙe, ta ba shi nono cikin duhu ba tare da yi masa wasa ba.

Na fi gamsuwa da ta biyun, ko da yake ba a ganin amfaninta a dare ɗaya, kuma takan yi wuya inda yayyensa ke kwana ɗaki guda da shi.