Dattijon da na ci abinci da shi a garin Geel

Shekara shida ke nan ina zaune a birnin Antwap na ƙasar Beljiyam, amma ban taɓa jin kunya irin ta wata Lahadi da abokin aikina ya gayyace ni gidan iyayensa a Geel ba, wani gari da bai kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. A gidan akwai wani dattijo mai furfura, wanda shi ya fere dankalin da muka ci, ya kuma kai ni lambu ya nuna mini kajinsa. Na ɗauka baffan abokina ne. Sai da muka zauna shan shayi ya faɗa mini da bakinsa cewa ba jini ne ya haɗa su ba, yana da cutar sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, har yanzu yakan ji muryoyin da ba mai jin su sai shi, kuma ya fi shekara 20 a gidan. Hannunsa na rawa saboda magani, kofin na bugun faranti, amma ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Nan take Yaya ya faɗo mini a rai, wanda na baro a ɗakin ƙofar gida da mari a ƙafa, ana tura masa kwanon tuwo daga bakin ƙofa.

Mutanen Geel sun daɗe a kan wannan al'ada ta karɓar masu taɓin hankali su zauna a gidajensu. Kiristocin wurin suna ba da labarin wata 'yar sarki daga Ailan, Dimfana, da aka ce mahaifinta ya zauce ya biyo ta har nan ya kashe ta. An fara gina coci da sunanta a 1349, ana kawo masu taɓin hankali daga nesa su kwana tara ana yi musu addu'a, domin a lokacin Turawa ma shaiɗanu suke ɗora wa abin, kamar yadda muke cewa iska ko jifa. Da masauƙin cocin ya kasa ɗaukar jama'a, sai manoma suka riƙa sauke su a gidajensu, wasu kuma ba su sake komawa ba. A tsakiyar ƙarni na 19 gwamnati ta karɓi ragamar tsarin, kuma a 1938 masu zama a gidajen mutane sun haura 3,700. Yau asibiti ne ke haɗa majinyaci da iyali, ya riƙa ba su ɗan kuɗin kula da shi, ma'aikatan jinya suna leƙowa.

Kada a ɗauka haka Turai take tun asali. A asibitin Bedlam na Landan, har zuwa 1770, 'yan kallo ke shiga su ga masu taɓin hankali. Likita Emil Kraepelin na Jamus, wanda ya ware cutar sikizofireniya daga sauran cututtukan taɓin hankali a shekarun 1890, ya ɗauke ta lalacewar hankali ce da ba ta gyaruwa, sai a 1908 likita Eugen Bleuler na Suwizalan ya raɗa mata sunan da take da shi yanzu, ya nuna cewa wasu suna samun sauƙi. Duk da haka gwamnatin Hitila ta kashe kimanin mutum 70,000 daga gidajen jinya tsakanin 1940 da 1941, kuma a 1949 an ba likita Egas Moniz kyautar Nobel saboda tiyatar yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, wadda ta nakasa dubban mutane. Sai a 1952 likitocin asibitin Sainte-Anne da ke Faris suka gwada maganin da aka sani da Largactil, aka ga muryoyin suna lafawa.

Nan ɗin ma akwai abin takaici. Wani ɗan ƙasarmu da na raka neman likitan ƙwaƙwalwa ya yi wata huɗu yana jiran layi, ana aiko masa takardu da Holanci da bai iya karantawa ba. Gidajen Geel masu karɓar baƙi ma sun ragu ƙwarai, tunda miji da mata duk suna fita aiki. A benen da nake, maƙwabcina bai san sunana ba, kuma idan na tuna yadda ake cika zaure in mutum ya kwanta ciwo a garinmu, kewa takan hana ni barci.

Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Muna da babban gida da dangi da masu dubiya, amma da an ce taɓin hankali ne sai a ɓoye mutum don kada 'yan matan gidan su rasa mijin aure, a yi shekaru ana yawo da shi wurin masu magani, ana duka da turare, ba a taɓa haɗa addu'a da asibiti ba. Alhali tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya yi irin tsarin Geel a Aro, kusa da Abekuta, inda majinyata ke zama a ƙauye tare da wani nasu suna zuwa asibiti da rana.

A jirgin komawa na kira Baba. Na roƙe shi da girman Allah a cire wa Yaya marin, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, kuɗin mota da na allurar wata-wata suna wuyana. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce zai yi magana da Inna.