Lasisin NVivo ko rakoda da littafi? Amsa ga Malamar da za ta yi hira da matan adashi

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kin tambaya wanne za ki saya da kuɗin da ke hannunki don hirarki da matan adashi: lasisin NVivo, wato manhajar kwamfuta ta tsara bayanan hira, ko rakoda da littafi. Tunda kuɗin ba za su ɗauki lasisin NVivo su kuma ɗauki rakoda da littafin koyon hanyar bincike ba, ki sayi rakoda da littafin. Duka ukun sun ratsa ta hannuna, kuma biyu daga ciki har yau suna kan teburina.

Rakodata Sony ce, ICD-PX470, 'yar ƙarama da ke ɓuya a tafin hannu. Batir biyu take ci, irin sirara na rimot, kuma tana da bakin USB a jikinta, sai dai ki zaro ki soka a kwamfuta, ba ruwanki da neman kebur. Da ita na yi aikin digirina na uku a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kan yadda dillalan kayan gwari ke ba da kaya bashi ba takarda ba shaida. Wanda ya san Mile 12 da asuba, lokacin da manyan motoci ke sauke kwandunan tumatir, ya san ba wurin hira ba ne. 'Yan dako na ihu a ba su hanya, injin mota na ruri, mai shayi ya ƙure rediyo. Akwai wani dattijon dillali, Allah ya saka masa da alheri, da kansa yake karɓar rakodar daga hannuna ya ɗora ta kan kwando dab da bakinsa, ya ce in dai za a ɗauki magana to a ɗauke ta da kyau. Daga baya shi ya riƙa kiran abokan sana'arsa yana cewa su zo su yi wa 'yar na'urar malam bayani. Waya ba ta samun wannan karɓuwa. Mutane na ɗari-ɗari da ita don sun san tana ɗaukar hoto, kuma ba mai son ya wayi gari ya ga kansa a TikTok. Rakoda kuwa kowa ya duba ya ga ba ta da ido. Ke da za ki shiga cikin gidaje a Agege da Idi-Araba, ki zauna da matan aure kina tambayarsu zancen zubi da kwasa da wadda ta kwashe ta daina zubawa, wannan kaɗai ya isa dalili. Ga shi kira ba ya katse ta a tsakiyar magana, in an kwana uku ba wuta kuma batir ne kawai za ki saya a shagon bakin layi.

Amma ba tsabtar murya ce ta sa nake yabonta haka ba. Ra'in da na gina a kundina, wato bayanina na yadda abin ke gudana da dalilinsa, a cikin sauraro na same shi. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida kafin a mayar da ita rubutu, kuma shawarata ki yi da hannunki, ko da na farko-farkon ne. Manhajojin da ke juya murya zuwa rubutu tuntuɓe suke yi da Hausarmu ta Legas, wadda mutum zai fara jimla da Hausa, ya ratsa ta Yarbanci, ya ƙarasa da buroka. Abin da na karanta kafin in shiga kasuwa duk yana nuna cewa ɗan gari ake ba wa bashi, ko wanda wani babba ya tsaya masa. Dillalan ma haka suka riƙa faɗa mini. Sai da nake maimaita sauraro na lura cewa hirarrakin safe da na bayan azahar ba su yi daidai ba. Da safe dillali zai ce sai da mai tsayawa. Bayan azahar, rana ta bugi kwando tumatir ya fara laushi, sai in ji shi a bayan maganarmu yana sallamar wata Bayarabiya da kwando biyu, ta kawo kuɗi gobe, alhali fuskarta kawai ya sani. Na rubuta memo, wato ɗan rubutun abin da na lura da shi, na rabin shafi a daren: yarda a nan tana tafiya ne da kwanakin da kaya za su iya yi kafin su lalace. Wannan memon ne ya tura ni wajen dillalan albasa, don albasa tana jure ajiya, in ga ko su ma suna sassautawa da yamma. Ba sa yi kamar na tumatir. Daga nan na koma wajen matan da ke karɓar kayan in ji ta bakinsu. Babi na biyar ɗina gaba ɗaya daga wannan rabin shafin ya tsiro.

Abin da na yi ɗin nan yana da suna da ƙa'ida, kuma littafin ne ya koya mini. Ki kwatanta hira da hira tun daga ta farko, ki rubuta memo duk lokacin da wani abu ya tsaya miki a rai, sannan ki bar abin da kika gano ya zaɓa miki wadda za ki yi hira da ita gaba, maimakon ki tsara mata talatin tun daga ofis ki bi su a jere. Barney Glaser da Anselm Strauss ne suka shimfiɗa wannan hanya ta gina ra'i daga bakin mutane, wadda ake kira grounded theory, a 1967, bayan binciken da suka yi a asibitocin yankin San Francisco kan yadda ma'aikata da dangi ke mu'amala da majinyatan da ke gab da rasuwa. Daga baya suka raba gari. Strauss ya fitar da littafi tare da Juliet Corbin a 1990 mai tsararrun matakai, Glaser ya mayar da martani a 1992 yana cewa wannan tilasta wa bayanai shiga ƙirar da aka riga aka yi ne. Ki san wannan tarihin, don ranar kare kundi mai jarrabawa na waje zai iya tambayarki wane reshe kika bi, kuma "duka" ba amsa ba ce.

Wanda nake ce miki ki saya shi ne na Kathy Charmaz, Constructing Grounded Theory. Ya fara fitowa a 2006, ki nemi bugu na biyu na 2014 ko wanda ya biyo bayansa. Turancinsa ba ya wahalar da mutum, kuma tana nuna ainihin hira a gefe ɗaya, laƙabin da ta sa wa kowane layi, wato gajeren sunan da ke taƙaita abin da ke cikinsa, a ɗaya gefen, har ki ga yadda ake yi da idonki. Tana son laƙabin ya zama aiki ne da mutum ke yi, wato maimakon ki rubuta "kunya" a gefen layi, ki rubuta "ɓoye wa miji yawan zubi" ko "jinkirta tambayar bashi". Da irin waɗannan ake ganin yadda abu ke gudana, da su kuma ake gina ra'i. Sannan ba ta yarda cewa mai bincike baƙo ne da ke kallo daga nesa ba. Ke Bahaushiya ce za ki zauna da Hausawa mata, wataƙila ke ma kina cikin wani adashin, kuma abin da za su faɗa miki ba shi za su faɗa mini ba. Littafin zai nuna miki yadda za ki rubuta wannan a babi na uku, na hanyar bincike, a matsayin ƙarfi, ba abin ɓoyewa ba.

Wani abu a gefe, tunda ba ki faɗi abin da sufabaizanki ke so ba. In jigogi kawai ake nema daga hirarrakin, ba sabon ra'i ba, to maƙalar Virginia Braun da Victoria Clarke ta 2006 mai matakai shida ta ishe ki, kuma ki kira aikin da sunansa na fitar da jigogi. Ɗalibai da yawa suna rubuta sunan Glaser da Strauss a babi na uku, a babi na huɗu kuma sai ka tarar da jigogi biyar a jere ba abin da ya haɗa su. A nan ake kama su. Zancen yawan hira kuma, za ki ji ana ta ambaton 12. Daga binciken Greg Guest da abokan aikinsa na 2006 ya fito, inda suka yi hira da mata 60 a Gana da Najeriya suka ga yawancin jigogin sun bayyana a hira 12 na farko. Amma matan nasu yanayinsu kusan iri ɗaya ne, kuma jigogi suke ƙirgawa. Mai gina ra'i tana tsayawa ne lokacin da sabuwar hira ta daina ƙara wa rukunan da ta tattara laƙabanta a ciki komai.

NVivo kuwa, to, yana yin abin da aka ce yana yi. Kabad ne mai aljihuna da yawa: ke za ki karanta, ke za ki sa laƙabi, shi ya adana ya fito miki da su in kin nema. Lasisin ɗalibai na wa'adi ne, kuma da dala ake biya. Nawa ya ƙare ban sabunta ba. In kina da hira ɗari ko kuna aiki ku huɗu, yana da amfani. Hira ashirin ko talatin kuwa Word da Excel sun ɗauke su, in kuma lallai sai manhaja, Taguette da QualCoder kyauta ne. Ki tambaya a laburaren jami'arku ma ko suna da lasisi kafin ki taɓa aljihunki.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Kada ki bari wani a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya ce zai saka miki NVivo "cikakke" da 'yan dubbai. Na sata ne da aka fasa, yana iya rufewa da aikinki a ciki ana saura wata ɗaya ki miƙa kundi, wani kuma da ƙwayar cuta yake zuwa, ga muryoyin matan da kika yi wa alƙawarin sirri a cikin kwamfutar. Rakodar ma akwai jabu mai tambarin Sony. Ki sa batir a gaban mai shagon, ki ɗauki maganarku a cikin hayaniyar wajen, ki saurara da abin kunne, ki soka ta a kwamfuta ki ga fayil ɗin ya buɗe, sannan ki biya ki karɓi rasit. In ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ki yi gaba. Littafin kuma, masu sayarwa a bakin titi suna da kwafin hoto da aka yi wa bango mai sheƙi ana sayarwa a kuɗin na asali. Ki buɗa tsakiya ki duba akwatunan misalan hira, a nan rubutun jabun ke dusashewa, ki kuma bi lambobin shafi ki tabbatar ba a tsallake ba. Mafi sharri su ne masu turo saƙo cewa ki ba su hirarrakinki su yi miki babi na huɗu cikin mako ɗaya da hotuna masu launi. Yawancinsu ko Hausa ba sa ji, ƙirgen kalmomi za su miƙo miki, kuma takardar amincewar da matan suka sa wa hannu ba ta ba ki damar miƙa wa wani muryarsu ba.

Abin da ya rage na kuɗin ki sayi katin memori, abin kunne mai rufe kunne gaba ɗaya, da littafin rubutu mai kauri na memo. Duk ranar da kika dawo daga hira ki kwafe fayil ɗin wuri biyu kafin ki kwanta, ki sa masa lamba maimakon sunan matar. In kina son ki ga na Charmaz ɗin kafin ki saya, ki yi magana a nan, sai in ba uwargida ta kawo miki Agege ranar Asabar.