LEDGER_FILE ko fayil ɗin saiti: wanne zai nuna wa manhaja inda littafinka yake?

Malam, na ga tambayarka. Kana amfani da manhajar lissafin kuɗi mai karanta littafinka daga fayil ɗin rubutu zalla, ka gaji da rubuta -f (alamar nuna mata fayil) da dogon adireshi duk lokacin da za ka duba lissafi, kana so manhajar ta nemo littafin da kanta, sai wasu suka ce ka saka LEDGER_FILE, wasu suka ce fayil ɗin saiti ya fi. Ba ka faɗi wace manhaja ce a hannunka ba, kuma rabin amsar a nan yake.

Ledger, wadda John Wiegley ya fitar a 2003, ba ta da wani wuri da take leƙawa da kanta. In ba ka nuna mata fayil ba, za ta tsaya ta ce ka yi amfani da -f. Ita kuwa hledger ta Simon Michael tana da nata wurin: fayil mai suna .hledger.journal a babbar foldar mai kwamfuta. Beancount ta Martin Blais kullum sai ka miƙa mata sunan fayil, sai dai Fava, mai nuna littafin a burauza, tana karanta BEANCOUNT_FILE muddin ka ba ta cikakken adireshi. Zan ɗauka ɗaya daga cikin biyun farko kake riƙe da ita.

LEDGER_FILE suna ne da kake ajiyewa a tsarin kwamfutar, manhaja ta tambaya a ba ta adireshin da ke ƙarƙashinsa. Layi ɗaya ne:

export LEDGER_FILE=~/lissafi/babba.journal

Ka sa shi a .bashrc, fayil ɗin da taminal (tagar rubuta umarni) ke karantawa idan an buɗe shi, ko a .zshrc in Mac ce, tunda daga 2019 zsh ne mai karɓar umarnin da ke zuwa da ita. A Windows umarnin setx ke yin wannan aiki, amma sai ka rufe taminal ka buɗe sabo kafin ya kama. Abin da ya sa mutane ke son sa shi ne Ledger da hledger duka suna jin wannan suna. Mai gwada rahoto ɗaya a manhajojin biyu sau ɗaya zai saita.

Matsalarsa ba kowa ne ke ganinsa ba. Abin da ka rubuta a .bashrc, taminal ne ya san da shi. Aikin da ka ba cron, mai gudanar da ayyuka da kansa a lokacin da ka tsara, ya riƙa yi da daddare bai karanta wannan fayil ba. Editan da ka buɗe ta danna tambarinsa shi ma sau da yawa bai gani ba. A Ledger abin da sauƙi, don za ta yi ƙorafi ka ji. A hledger ne ake shan wuya: in ba ta ga LEDGER_FILE ba, shiru za ta koma .hledger.journal, kuma in ka kira hledger add, umarnin shigar da sabon lissafi, alhali fayil ɗin babu, za ta ƙirƙire shi ta fara zuba ciki. Sai mutum ya wayi gari da littattafai biyu, kuɗin da ya shigar jiya ba ya cikin rahoton yau, ya yi ta zargin manhaja.

Fayil ɗin saiti ba ya da wannan ciwon. A Ledger sunansa .ledgerrc, ka rubuta a ciki:

--file ~/lissafi/babba.journal

Manhajar ce da kanta ke buɗe shi duk lokacin da ta tashi, ko daga ina aka kira ta, in dai da sunan mai kwamfuta ɗaya ne. Kuma a nan za ka tara sauran abubuwan da kake so kullum, kamar tsarin rubuta kwanan wata. Amma na Ledger ne kaɗai, hledger ba ta duba shi. Nata fayil ɗin saitin, hledger.conf, sai a sigar 1.40 ta 2024 ya shigo, don haka duba sigar da ke kwamfutarka tukuna. Wadda ke zuwa daga rumbun manhajojin Linux kan zama tsohuwa.

Akwai wata dabara da masu hledger ke yi: su bar .hledger.journal a wurinsa, su rubuta a cikinsa layin include guda ɗaya, wato umarnin jawo wani fayil, mai nuna ainihin littafin. Don karanta rahoto tana aiki lafiya ƙalau. Sai dai hledger add a fayil na farko take rubutawa, ba a wanda aka jawo ba, sabbin shigarwarka za su taru a wajen foldar da kake adanawa da git, manhajar ajiye tarihin canje-canjen fayil. Ni ban ba da shawararta ba sai ga mai rubuta komai da hannu a edita.

In ni ne: mai Ledger kaɗai ya ɗauki .ledgerrc ya huta. Mai hledger, ko mai haɗa biyun, ya ɗauki LEDGER_FILE, sannan a duk aikin cron ya rubuta -f da cikakken adireshi, kada ya dogara da komai. -f na layin umarni yana rinjayar LEDGER_FILE, saboda haka ba za su yi karo ba.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka nuna shi ga fayil mai shekara a sunansa, irin 2025.journal. Janairu na zuwa za ka manta, ka ci gaba da zuba sabuwar shekara a tsohon littafi. Nuna shi ga babba.journal, shi kuma ya jawo na shekarun da include. In kana amfani da hledger add, bar shigarwar bana a cikin babba.journal ɗin kansa, ka kwashe su zuwa fayil ɗin shekara idan ta ƙare.

Da ka gama, in hledger ce a hannunka, buɗe sabon taminal ka rubuta hledger files. Zai jero maka fayilolin da manhajar ke karantawa a zahiri. In ka ga .hledger.journal a sama alhali ba shi ka nufa ba, saitin bai kama ba tukuna.