Hattara da masu yawo da fitilun sola na "wat 500" a unguwannin Jos

Jama'ar Rikkos, Gangare, Unguwar Rogo da Nasarawa, har da 'yan'uwanmu na Bukuru, don Allah a isar da wannan saƙo ga masu gidaje da masu shaguna da kwamitocin masallatai. Akwai wasu mutane da ke bi layi-layi sanye da riguna masu ƙyalli irin na ma'aikatan titi, suna cewa sun zo da shirin canja fitilun waje zuwa LED mai aiki da hasken rana, wai an yi rangwame, rabin kuɗi kawai za ka biya. Ba su da ofis, ba su da shago. Abin da suke da shi lambar waya ce da takardar garanti mai hatimi, sai asusun banki da sunan wani mutum.

Sun san inda ke mana ciwo. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, barin janareta a kunne har asuba ya fi ƙarfin yawancinmu. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawan awoyi a rana, naira 225 kowane yunit. Ga shi mu a Jos duhun lungu ba abin wasa ba ne, kowa na son ƙofar gidansa da bakin shagonsa su kwana da haske. Kuma ita LED ɗin gaskiya ce: ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. A kan wannan gaskiyar suke ɗora ƙaryarsu.

Ba sa zuwa da rana. Bayan magariba suke sauke kwali, su danna rimot, haske ya gauraye layi, yara su taru ana sowa. Batir ɗin a cike yake tun daga gida, an kuma sa fitilar a kan iyakar ƙarfinta, minti biyar su kashe. Daga nan sai a ce guraben sun kusa cika, a ba da kafin alƙalami yau-yau. Wasu daga ranar ba a sake ganinsu. Waɗanda suka fi wayo sukan dawo su kafa fitilun, su karɓi cikon kuɗi, ka kwana biyu kana sa musu albarka.

A layinmu gidaje da dama aka yi karo-karo. Makonnin farko lafiya lau. Da damina ta kankama, aka jera kwanaki rana ba ta leƙo ba kamar yadda Agustan Jos ya saba, sai fitilun suka fara mutuwa kafin a tashi daga hira. Aka kira lambar da ke jikin garanti, a kashe. Muka sa wani mai gyaran wuta ya sauko da ɗaya ya kwance ta a gabanmu. Ruwa ya kwanta a ciki, babu robar da ke toshe bakin murfi, alhali an buga IP65 a jikin kwali, wato ƙura ba ta shiga kuma feshin ruwa ba ya yi mata komai. Ya yanke ledar da aka naɗe baturan da ita. Wasu kawunansu duk tsatsa, ga tabon tsohuwar walda, alamar an ciro su ne daga wani abin aka sake musu riga. Biyu kuwa babu ko waya a jikinsu. Ya fasa ɗaya da filaya, yashi ya zubo a tafin hannunsa. An sa su ne don fitilar ta yi nauyi in ka ɗaga.

Ya ce mana, "Alhaji, ko ba a kwance ba lissafi ya isa ya tona musu asiri." Fitila mai wat 500 in za ta ci awa 12 na dare, yunit 6 na wuta take buƙata. Batir ɗin da ke cikin irin waɗannan an rubuta masa 3.2V (ƙarfin wutarsa) da 20Ah (yawan cajin da yake ɗauka), in ka ninka su ka sami 64, wato ko rubutun gaskiya ne, abin da zai iya shi ne riƙe wat 64 na awa ɗaya. Ka ɗora masa wat 500 na gaske, ba zai kai minti 8 ba. In kuma ana so ya kai asuba, abin da zai iya ciyarwa bai wuce wat 5 da ɗoriya ba. Haka farantin solar: mai faɗin murabba'in mita ɗaya cur, a tsakar rana, wajen wat 200 yake bayarwa. To wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba fa? Lambar nan ta 300 ko 500 ko 1000 da ake dangwarawa da jan rubutu ado ce kawai.

Wannan ƙaryar wat ɗin har a shaguna ana samunta, amma mai shago kana iya komawa ka same shi gobe. Shi ya sa nake roƙo kada a yi cinikin biri a sama. Ka tambayi lumen, shi ne ma'aunin haske, LED mai kyau tana ba da wajen lumen 100 ko fiye a kowane wat. Ka tambayi ƙarfin batir da na faranti, ka sa a rubuta a rasit mai adireshi. Ka ƙwanƙwasa jikinta: ta ƙarfen gorar ruwa, wato alminiyam, ake so, don shi ke janye zafi, roba kuwa tana dafa ƙwayoyin hasken su dushe da wuri. In da yawa za ku saya, a kafa ɗaya tukuna ta kwana uku a layi, mai zuwa sallar asuba ya gaya muku ko tana ci. Mai kayan kirki ba zai ƙi wannan ba.

Duk wanda ya ce gwamnati ko kamfanin wuta ne ya turo shi, a ce ya zo da takarda ta hannun mai unguwa, kuma a je ofishin da ya ambata a tabbatar da baki. Sunan kamfani ana iya duba shi a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta waya. Kuɗin karo-karon masallaci ko na Islamiyya amana ne, kada a tura shi asusun mutum ɗaya saboda ya iya zance.

Waɗanda suka riga suka tura kuɗi, kada kunya ta hana ku magana. Ku je bankinku da wuri da shaidar turawar, ku kai rahoto ga 'yan sanda, sannan ku shigar da ƙorafi a hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Kayan jabun da aka kafa muku kuma kada a zubar, a ajiye fitila ɗaya da kwalinta da takardar garantin a kai wa hukumar SON, ita ke da alhakin bin diddigin ingancin kaya.